Sarautar da Ta Ƙare a Bakin Gonata

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina Mamman, Sarkin Iyaka na huɗu kuma na ƙarshe a garinmu da ke ƙasar Minjibir. Na ce na ƙarshe domin daga kansa ba a sake naɗa kowa ba, wanda kuwa ya kamata a naɗa ɗin ni ne mai wannan rubutu. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, samari suna dariya wai ina riƙe fensir kamar zan haƙa rami da shi. Ko a jikina. Abin da ya kai ni ajin ke nan, in rubuta labarin sarautar gidanmu da hannuna tun kafin in bi bayansa, don na gaji da jin yara suna tambaya wai Sarkin Iyaka wane gari ya mulka.

Bai mulki ko akurkin kaji ba. Ba shi da doki, ba shi da makaɗi, rawaninsa ma farin ƙyalle ne da aka saƙa a zaurenmu. Amma duk mai gona a ƙasarmu ya san hanyar gidansa.

Wanda ya san arewacin Kano ya san babu daji a wajenmu. Tun ina yaro gona ce jingine da gona har ganuwar birni, in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. A irin wannan ƙasa taki ɗaya ma dukiya ce. Ana dasa gamba a tsakanin gonaki, to amma gamba ciyawa ce, fartanya kuwa ba ta da tsoron Allah sai in mai ita yana da shi. Bana a ɗan aske, baɗi a ɗan ƙara, kafin shekara goma iyaka ta yi tattaki ba wanda ya ga tafiyarta. Wannan shi ne cin iyaka, kuma ya raba zumuncin da ba ya ƙirguwa.

Yadda Baba ya ba ni labari, a zamanin sarakunan Fulani na farko aka yi wata rigimar iyaka a garinmu har aka rasa rai. Hakiminmu yana zaune a birni, sai ya aiko jakadansa a nemo mutumin da zai riƙa raba gardama tun kafin ta kai ga sanda. Aka duba gari kaf, kowa aka ambata sai a tarar yana da gona, gonarsa kuma tana da maƙwabci. Mutum ɗaya ne ba shi da ko taki, wani baƙon masaƙi mai suna Audu, kakan mahaifina. Shi aka naɗa, da sharaɗin da shi da kansa ya nemi a ɗaure gidansa da shi: Sarkin Iyaka da ɗan da zai gaje shi ba sa mallakar gona, ba sa karɓar aro, ba sa noma ko da gayauna, wato 'yar gonar da ake yankar wa saurayi ya noma wa kansa. A madadin haka kowane gida zai kawo dami ɗaya da kaka, damin iyaka. Ragowar abinci kuma daga masaƙa.

Audu ne ya kawo dabarar gawayi. Uwarsa 'yar maƙera ce, ya san gawayin kirya ba ya ruɓewa, gara ma ba ta cinsa. Idan aka raba gado ko aka sayar da gona, Sarkin Iyaka zai je da daginsa ya haƙa rami kamu biyu a kowace kusurwa, ya zuba gawayi cikin tafi uku, ya kifa tsingaron tukunya a kai. Kafin ya mayar da ƙasa sai ya ɗaga murya a gaban maƙwabta ya ce, "Ku shaida, nan ce iyakar wane ɗan wane." Su amsa, "Mun shaida." Haka zai yi har kusurwa huɗu, kowace sai ya kira sunan mai gona da na ubansa. Daga nan gamba ta yi duk yawon da za ta yi a sama, gawayi yana nan inda aka bar shi.

Bayan Audu sai ɗansa Haruna, kakana, wanda aka ce zafin ransa ya fi na barkono, har ya taɓa tono gawayi a gandun wani babban mutum na birni ya nuna wa wakilinsa da ƙafa, saboda ya ce hannunsa ba zai nuna wa ɓarawo hanya ba. Bayan Haruna sai babban ɗansa Tanko, wanda damina biyu kacal ya yi da rawani agana ta ɗauke shi bai bar ɗa namiji ba, sarauta ta faɗo kan ƙaninsa, mahaifina. Shi ma Allah ya ba shi 'ya'ya mata biyar, namiji ɗaya, ni. Kun ga ke nan duk sarautar a kaina take rataye tun ina cikin zanen goyo.

Baba gajere ne siriri, ba mai yawan magana ba, layukan tafin hannunsa baƙaƙe ne da gawayin da ba sabulun da ya iya fitarwa. Kusurwoyin gonakin garinmu duk suna kansa, har da waɗanda kakansa ya binne tun kafin a haife shi, don tun yana yaro aka zaga da shi aka nuna masa, kamar yadda shi ma ya zaga da ni. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka yana yi mini alkunya irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron", in kuma ransa ya yi fari ya ce "mutumin". Na san al'ada ce, na kuma san yana sona, amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nakan ji yana kiran ƙannena mata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu in ji kishi ya kama ni.

Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne rashin gona. A garin manoma, saurayin da ba ya noma abin tsokana ne. Da ruwan shuka ya sauka sa'o'ina su fice da sungumi, ni a bar ni a zaure ina jefa ƙoshiya a masaƙa kamar tsoho. Da kaka su sayar da geron gayaunarsu su ɗinka riga, su zo su tsaya mini a ka suna cewa, "Ranka ya daɗe ɗan sarki, a ba ka aron zangarniya ɗaya ka ga yadda take?" Ni kuwa noma nake so, so na gaske. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko yakan hana ni zama.

Ina da shekara kamar goma sha bakwai, Turawa ba su zo ba tukuna, sai Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, ya ja ni gefe a kasuwa. Kawu babban manomi ne mai rumbuna, kuma duk shekarar da damin iyaka ya gaza shi ke cike mana. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, har yaushe za ka zauna kana kaɗa zare? Na yanka maka kunyoyi bakwai a gefen gonata ta gabas. Ka noma abinka, tsohonka ba sai ya ji ba."

Na yi murna kamar an ba ni Makka da Madina. Da sassafe in ce za ni sayen zare, in zame in tafi gona. Na shuka gero, na yi noman farko, na yi maimai, gerona ya tashi baƙi ƙirin har ya fi na Kawu kyau. Abin da ban sani ba, kunyoyin nan bakwai su ne Kawu ya yi shekaru yana askewa daga gonar maƙwabcinsa Malam Bukar, wani Babarbare mai fataucin kanwa da ya daɗe da zama a garinmu. Malam Bukar yana yawan tafiya, shi ya sa aka samu damar yi masa haka. Da Kawu ya ji ƙishin-ƙishin zai kai ƙara, sai ya dasa ni a wurin, da lissafin cewa Sarkin Iyaka ba zai tona ƙarƙashin geron ɗansa ba.

Gero ya fara fitar da kai aka kira Baba. Na bi shi da dagi a kafaɗa kamar kullum. Muna isa Kawu ya tare shi da fara'a, ya nuna gerona ya ce, "Mamman, kafin ka fara, ka san noman wa ke nan? Na ɗanka ne. Dubi hannun yaro, tubarkalla."

Baba bai dube ni ba. Ya miƙo hannu na ba shi dagi. Ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya ƙirga taki zuwa yamma, ya ratsa gamba, ya ratsa kunyoyina bakwai ɗaya bayan ɗaya, sai da ya kai ƙarshensu ya tsuguna. Ya tumɓuke gindin gero biyu da hannunsa ya fara haƙa. A kamu biyu dagi ya daki tsingaro. Ya ɗebo gawayin kakansa ya buɗe tafi kowa ya gani.

Kawu ya ce, "Mamman, hatsina nawa ya shiga cikinka da na 'ya'yanka?"

Baba ya ce, "Da yawa, Yaya Ilu, Allah ya saka. Amma ba da hatsi aka binne wannan ba."

Malam Bukar ya ga hawaye a fuskata, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Sarki, yaro ya yi wahala. A bar shi ya girbe geronsa, ni ƙasata kawai nake so." Baba ya girgiza kai ya ce ƙwaya ɗaya daga gonar nan ba za ta shiga gidan Sarkin Iyaka ba, a kai wa liman ya raba wa mabukata. A hanyar gida magana ɗaya ya faɗa mini, ita ma ba tare da ya waiwayo ba: "Kai, da ban tona ba, gobe gawayin garin nan duka ya koma toka."

A lokacin ban ga hikima a ciki ba, mugunta na gani. Kwana biyu ban ci tuwon gidan ba. Kawu ya rufe mana rumbunsa, damina ta gaba kuma ba ta yi kyau ba, muka sha tafasa da rama har muka gaji, Inna ta yi shekara ba ta taka gidan yayanta ba. Sai da na girma na gane abin da garin ya gani ran nan. Daga wannan shekara, in Baba ya ce nan ne, ko alƙali ba ya ƙara tambaya. Mutane daga garuruwan da ba namu ba suka riƙa zuwa aron sa. Ina alfahari da wannan rana yanzu fiye da kowace rana a tarihin gidanmu, ko da yake har gobe in na tuna geron nan sai na ji zafi.

Shekaru suka wuce, Turawa suka ci Kano, na yi aure na haifi 'ya'ya uku. Daga baya sai ga malaman awo da sarƙarsu da littattafansu, suna auna gonaki suna rubutawa. Baba ya bi su yini guda yana kallo, ya dawo ya ce yaran suna da ƙoƙari, sai dai sarƙar tasu gamba take bi, ba ta san abin da ke ƙasa ba. Mutane kuwa suka ga tunda an rubuta gonarsu a littafi, me za su yi da tsoho mai dagi? Damin iyaka ya fara ja da baya. Wanda ya saba kawo dami ya koma kawo rabi, mai rabi ya koma kawo gaisuwa. Masaƙa ma ta fara sanyi saboda yadin kanti ya shigo. Ranar da na ga matata tana kankare gindin rumbu da ƙoƙo na san magana ta zo.

Ana cikin haka Malam Bukar ya aiko kirana. Ya tsufa, 'ya'yansa duk sun bi fatauci, ba mai sha'awar fartanya. Ya ce, "Ɗana, shekara ashirin ina ganin fuskarka ta ran nan. Gonata ta gabas, har da kunyoyinka bakwai, na ba ka kyauta duniya da lahira." Na dawo gida na faɗa wa Baba. Ya ce, "Kyautar gona ba ta shiga gidan da rawanin nan yake. Mu je wajen Dagaci."

A zauren Dagaci manyan gari suka taru, kuma duk bakinsu ɗaya. Dagaci ya ce, "Sarki, zamani ya juya. Wanda ya kafa sharaɗin nan bai san za a daina kawo dami ba. A bar yaro ya karɓi gonarsa, in lokaci ya yi a naɗa shi. Wa zai zarge shi? Jininka ne."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, jinina ne, shi ya sa na san yana son ƙasa. Mai gona yana da maƙwabci. Ran da maƙwabcin ya kawo ƙara, wa zai tona?" Sannan ya juyo wajena, abin da bai saba yi a gaban mutane ba, ya ce, "Kai, ga gona ga rawani. Ɗauki ɗaya."

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, duka biyun nake so, kuma ga Dagaci ya buɗe mini ƙofa. Da na ce na bi maganar manya, ba mai ganin laifina. Na tuna Audu da Haruna da Tanko, na tuna ni kaɗai na rage. Na kuma tuna ƙarar ƙoƙon nan a gindin rumbu. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, gona."

Na jira ya yi fushi ko ya tashi ya fita. Sai na ji ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ka ce duka biyu, da na san ban haifu ba." Ya sa hannu ya warware rawaninsa a hankali, ya ninke shi, ya ajiye a gaban Dagaci. Ya ce an ba kakansa shi fari, ga shi ya mayar fari. Dagaci ya yi ta lallashi ya riƙe ko zuwa ƙarshen ransa, ya ce a'a, uban mai gona ma ba shi da hurumin tona wa kowa. Ya fito da 'yar hularsa kamar kowane tsoho, ni kuwa ina binsa a baya ina jin kamar ni na yanka sarautar da wuƙa.

Da bazara aka zo danƙa mini gona. Maƙwabta suka ce ba wanda zai binne gawayin sai shi, rawani ko ba rawani. Ya yarda, bisa sharaɗin cewa a matsayin tsohon gari ya zo. A kusurwar farko ya tsaya daidai kan tsohuwar iyaka, sai ya yi taki ɗaya zuwa cikin gonata, a nan ya kafa dagi. Na ce, "Baba, ai ka shigo ciki." Ya ce, "Na sani. In an tona bayan raina, a tarar kai ka bari, ba kai ka ci ba."

Ya zuba gawayi tafi uku, ya kifa tsingaro. Sai ya yi shiru, shirun ya yi tsawo, har mutane suka fara kallon juna. A nan na tuna abin da ya rage, su ma suka tuna. Liman ya matso zai faɗa a madadinsa don ya raba shi da nauyi, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya gyara murya ya ce, "Ku shaida, nan ce iyakar Salihu ɗan Mamman."

Ina da shekara talatin da bakwai, da gemuna da 'ya'yana, ran nan na fara jin sunana a bakin ubana. Jama'a suka ce sun shaida. Ni kuwa na bi shi kusurwa ta biyu da ta uku da ta huɗu ina share fuska da hannun riga. Damina biyu bayan haka ya rasu, bayan ya ci tuwon geron gonata ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gyaɗa ta sa kowa ya haukace da ƙasa, har hanyar da jaki ke bi an nome ta. Rigimar iyaka sai a hau mota a tafi birni, a yi wata shida ana sintiri a kan abin da Baba zai gama kafin azahar. Ina jin ba zai zagi takarda ba, don shi ba mai zagin abin da bai sani ba ne. Zai dai tambaya ko mai riƙe da littafin yana da gona, kuma wa ke maƙwabtaka da shi. Bara waccan wasu 'yan uwa biyu suka kusa fasa wa juna kai, takardar da suke taƙama da ita kuwa gara ta cinye rabinta. Suka zo wajena. Na ce ni ba Sarkin Iyaka ba ne, ba na yanke hukunci, amma na san inda Baba ya taɓa tsugunawa. Suka haƙa da kansu, gawayi ya fito baƙi wuluk kamar jiya aka zuba. Suka kalli juna, kowa ya ɗauki fartanyarsa.

Wasu suna cewa na kashe sarautar gidanmu saboda tuwo. Gaskiyarsu, kuma akwai ranakun da abin yake damuna, musamman in na wuce kabarin mutanen nan huɗu. Amma na ga sarautu da yawa da suka daɗe har masu su suka zama abin dariya a kasuwa. Tamu mutum huɗu suka riƙe ta, ba wanda aka taɓa kama shi da taki ɗaya na wani, kuma ta ƙare tsaf ba tabo. Ban san gidaje nawa ne a ƙasar Kano za su iya faɗin haka ba.

Takin nan ɗaya da ya bari yana nan kewaye da gonata, gamba ta cika shi, matan unguwa suna yanka suna yin zana. Bana 'ya'yana sun sayi garmar shanu, babban ya zo yana lissafa mini buhun gyaɗar da za a samu in aka nome shi, tunda a littafin awo namu ne. Na ce masa littafi ya yi ta faɗa. In na mutu ku yi shawara da Allah, amma ina raye garma ba za ta tsallaka gawayin nan ba. Ya ce, "Baba, ciyawa ce fa kawai." Ban yi masa gardama ba, don shi kullum yana jin sunansa a bakin mutane, bai san tsadarsa ba.

Allah ya jiƙan Sarkin Iyaka Mamman, ya sa kabarinsa ya fi kowace gona faɗi. Bai bar mini rawani ba, bai bar mini rumbu ba. Sau huɗu na taɓa jin sunana a bakinsa, kuma kowanne na san inda yake binne.